Sauya RP1 zuwa RP2 a ASR1006, wa ya taɓa yi?

mai_rauta: Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Muna da rauta Cisco ASR1006 a wajen aiki, RP1 (katin da ke lissafin hanyoyi a rautar) guda biyu ne a ciki, tun da muka ƙara layi na biyu muka fara karɓar cikakken teburin BGP (jerin hanyoyin intanet gaba ɗaya) memori ya cika taf, ko shiga rautar ka yi sai ka jira kafin ta amsa, kwanaki ma da layi ɗaya ya yanke sai da ta daɗe tana lissafi kafin hanyoyi su daidaita. Oga ya samo mana RP2 na hannu guda biyu. Tambayata, zan iya cire na jiran ko-ta-kwana in sa RP2, in juya aiki kansa, sannan in cire ɗayan, ba tare da an kashe ba? Kuma gudun intanet zai ƙaru?

tsohon_hannu: Wa alaikumus salam. Malam kar ka gwada wannan, ba a haɗa RP1 da RP2 a rauta ɗaya, sofwayar su ma daban ce, RP1 32 bit ne RP2 kuma 64 bit. Ka nemi lokaci da daddare ka sanar da kwastomomi, ka kashe ka sauya duka biyun. Maganar memori kam za ka huta, RP1 iyakarsa 4GB, RP2 yana zuwa da 8GB kuma yana ɗaukar 16GB, teburin IPv4 kaɗai ya wuce hanyoyi 900,000 ai dole ya shaƙe. Amma gudu ba zai ƙaru ba, RP lissafin hanya yake yi, wani katin daban mai suna ESP ne ke ɗaukar kayan data, in shi ne ya cika to shi za ka sauya.

yar_fayiba: Ni abin da ya same ni shi zan faɗa maka. Na kwafe saitina a filas tsaf, na ɗora a sabon katin, na manta layin boot system, wanda ke faɗa wa rautar sofwayar da za ta tashi da ita, yana nuna tsohon fayil na rp1. Ina kunnawa ta tsaya a rommon (ƙaramar sofwayar da ke tada rautar kafin babbar ta hau), ƙarfe biyun dare, ɗakin sanyi kamar firij, waya sai ruri take, ni kuma kebul ɗin konsol na shiga rautar kai tsaye na baro shi a mota. Wlh ka gyara layin nan kafin komai, ka ajiye konsol kusa da kai. Sannan makullin SSH baya bin saitin, sai ka sake ƙirƙirar sabo, in ba haka ba daga nesa ba ka shiga.

mai_rauta: Na gode ƙwarai. Yaya batun RP3, ba gara mu tsallaka can gaba ɗaya ba?

tsohon_hannu: Ba ya shiga 1006 tsoho, sai 1006-X ko 1009-X ko 1013. Tsaya kan RP2 ɗinka. Tunda na hannu ne ka duba ROMMON ɗinsu, kuma ka fara da irin sigar IOS XE (sofwayar rautar) da kake kai yanzu amma ta rp2, kar ka haɗa sauya kati da sauya siga a dare ɗaya. Ɗauki sakamakon umarnin show platform kafin ka kashe don ka kwatanta bayan ta tashi. Tsofaffin katunan kuma a sa su a ledarsu kusa da kai har gari ya waye.

mai_rauta: Madalla, daren Asabar za mu yi in sha Allah, zan dawo in faɗa muku yadda ta kaya.