Wai soso ne ya riga murjani gina tudun teku?

Ɗan Duwatsu: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar da abin nan ko zan samu barci. Na yi ɗan jawabi a gaban 'yan ajinmu kan tsoffin tuddan teku da suka zama dutse. Na ce dabbar da ta fara gina irin wannan tudu soso ce, murjani baƙo ne, zuwa ya yi ya tarar. Sai wani ya tuntsire da dariya, wai soson wanka? Aji ya ɗauka. Mai kula da mu ko uffan bai ce ba, murmushi ma ya yi. To ga abin da na faɗa. Kimanin shekara miliyan 525 da suka wuce, a farkon zamanin Kambiriyan, wasu soso masu siffar ƙoƙo mai bango biyu, ana ce musu arkiyosiyata, suka fara tara tudu a tekun da ya rufe inda Saiberiya take a yau. Burbushinsu na nan har a Maroko da Ostareliya da Antatika. Murjani mai gina tudu bai bayyana ba sai a zamanin Odobisiyan, bayan miliyoyin shekaru. Ina kuskurena a nan?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Yaro, kuskurenka a kalma ɗaya yake. Ka ce dabba, ka kuma ce soso. Soso tsiro ne, yaɗo yake yi, yana fure, idan ɗansa ya bushe a ɓare a yi wanka da shi. Na shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin soso da ƙafa ba.

Gatari: Baba ya gama magana. A rufe taro.

Malamar Bayoloji: Baba, Allah ya ƙara girma, amma suna ne ya haɗa abu biyu. Wanda kake nufi tsiro ne, babu musu. Na teku dabba ne. Ba shi da baki, ba shi da ciki, jikinsa duk ƙofofi ne ƙanana, yana zuƙo ruwa ta cikinsu ya tace ƙwayoyin da zai ci, ya fitar da ruwan ta babbar ƙofa a sama. Tun wajen 1825 Robert Grant ya sa ido a kan wannan zagayen ruwa a Sikotlan ya bayyana shi.

Dattijo: 'Yata, abin da ba ya tafiya, ba shi da baki, ba shi da ciki, da me ya zama dabba? In haka ne rariya ma dabba ce, ita ma tacewa take yi.

Gatari: Wallahi Baba ka kashe ni. Rariya dabba!

Malamar Bayoloji: Rariya ba ta haihuwa, Baba. Tsutsar soso kuwa iyo take yi a ruwa kafin ta samu wuri ta manne. Kuma murjanin da kowa ya yarda dabba ne, shi ma a manne yake.

Dattijo: Wa ya ce na yarda? Murjani dutse ne.

Ɗan Duwatsu: Jama'a, tambayata ita ce wa ya riga wani, ba...

Mai Gyara: Kafin a ci gaba, ba "tuddan teku" ake cewa ba, jam'in tudu tuddai ne. Sannan wannan arkiyo-kaza da ka rubuto, wa ya ba ka izinin mayar da shi haka?

Ɗan Duwatsu: Yaya, in kana da wanda ya fi shi ka kawo.

Mai Gyara: Aikina gyara ne, ba ƙira ba.

Injiniya: Ni inda na tsaya shi ne kalmar "fara". Ƙanena, ka yi azarɓaɓi. Kafin sosonka akwai sitromatolait, tudun da ƙwayoyin halitta ke ginawa shimfiɗa kan shimfiɗa. A yankin Pilbara na yammacin Ostareliya akwai masu shekara kusan biliyan 3.5. Masu rai ma suna nan a Shark Bay, a gaɓar yammacin Ostareliyar. To ina soso ya fara?

Ɗan Duwatsu: Ai dabba na ce, Injiniya. Ƙwayoyin bakteriya ba dabba ba ne.

Injiniya: Dabbar da Baba bai amince da ita ba tukuna.

Malamar Bayoloji: Injiniya, kai ma ka san gaskiyar yaron nan, biye wa Baba kawai kake yi don shi ya koyar da kai. Bari in ba ku wani abu. A zamanin Siluriyan da Deboniyan, manyan tuddai, halittu biyu ne suka haɗu suka gina su: murjani iri biyu, tabulata mai kama da saƙar zuma da rugosa mai kama da ƙaho, sai kuma wasu halittu masu ƙashin farar ƙasa da ake kira sitromatoforoid. Su ne ke yin katanga a inda igiyar ruwa ke dukan tudun, wasu kamar tulluwa, wasu a shimfiɗe. A bayansu, cikin ruwa mai kwanciya, akwai wasu sirara kamar tsinke da suka cika wurin. Murjani na girma a kansu, su ma suna lulluɓe murjani, har ana samun tabulata da ya rayu a cikin jikin sitromatoforoid, bututunsa na leƙowa ta sama. Shekara da shekaru masana na ɗaukar su dangin murjani. Sai a 1970 Hartman da Goreau suka bayyana wasu soso masu ƙashin dutse da ke raye a cikin kogon duwatsun ƙarƙashin teku a Jamaika, aka duba aka ga ginin jikinsu ya yi daidai. Daga nan aka mayar da sitromatoforoid cikin soso. Tudun da ke yankin Canning a Ostareliya, mai tsawon kusan kilomita 350, na wannan zamanin ne.

Gatari: Kun ji ko? Su kansu masanan shekara nawa suka yi suna kuskure. Gobe ma za su ce tsiro ne, Baba ya yi nasara.

Injiniya: Malama, maganar wa ya koyar da ni ba ta taso ba. Kuma ba yau kika fara ba, ran da aka yi musu kan narkewar ƙanƙara haka kika ce ina bin ra'ayin kamfani. Ni na taɓa dutsen nan da hannuna, ke a hoto kika gani. Man da aka haƙo a Leduc ta Kanada a 1947 daga cikin tudun Deboniyan ya fito, ramukan da ke jikinsa ne suka riƙe man.

Malamar Bayoloji: To wa ya gina tudun na Leduc? Faɗi mana.

Injiniya: Ba ni da lokacin jarrabawa.

Malamar Bayoloji: Sitromatoforoid ne kan gaba. Sosonka ya ba ka albashi kana musunsa.

Uwar Biyu: Ni kalmar "baƙo" ce ta tsaya min. Ya za a ce murjani baƙo, alhali shi ne ya ɗore har yau? Mai gida ya mutu, baƙo ya gaji gida?

Ɗan Duwatsu: Anti, wanda ke nan yau ba shi ne na da ba. Tuddan Deboniyan sun ruguje wajen shekara miliyan 372 da suka wuce. Rugosa da tabulata suka ƙare ƙaf a ƙarshen Famiyan, shekara miliyan 252. Murjanin yau sai a tsakiyar Tirayasik ya fito, bayan teku ta yi miliyoyin shekaru babu tudun kirki. Ko tudun Capitan da ke tsaunukan Guadalupe a Teksas, na Famiyan, soso da gansakukar ruwa ne suka fi gina shi. Soso kuwa bai tafi ko'ina ba: a 1987 aka gano tuddan soson gilas masu rai a mashigin Hecate na Kanada, irin da ake zaton sun ƙare tun zamanin dainoso.

Uwar Biyu: Soson gilas kuma? A yi wanka da shi a yanke?

Dattijo: Duk miliyoyin nan wa ya zauna ya ƙirga? Kai kana nan?

Malamar Bayoloji: Baba, wani lissafin ma a jikin murjanin yake. Yana ajiye siririn layi kullum. A 1963 John Wells ya ƙirga layukan rugosa na Deboniyan ya samu kwana wajen 400 a shekara, wato yini da dare a lokacin bai wuce awa 22 ba.

Dattijo: Yanzu kuma an rage wa rana awa biyu. Ni na tafi, sai da safe.

Gatari: Kun kori Baba. Malama, ki nemi gafara.

Malamar Bayoloji: Gafarar me? Da ladabi na yi magana.

Mai Gyara: Dainoso ma ba haka ake rubuta shi ba.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. An fahimci cewa kalmar soso ta tsiro ce tun asali, kamar yadda Baba ya nuna, kuma laifin mai tambaya ne da bai bambanta ba, don haka dariyar da aka yi masa a aji tana da dalili. Injiniya ya tabbatar da cewa ba soso ne ya fara ba, ya kuma kawo hujja daga aikinsa. Malama ta kawo sunayen Turawa da yawa, amma da bakinta ta ce masanan sun taɓa yin kuskure. Maganar kwana 400 a bar ta sai an bincika. Ina roƙon matasa su riƙa tauna magana in manya na wuri. An rufe.

Ɗan Duwatsu: Shugaba, ai Injiniya bai amsa tambayar Leduc ba.

Shugaban Zaure: Na ce an rufe.