Malama ta rubuta cewa ɗana "spoilt" ne, in je makarantar ko in haƙura?

Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan aji uku ne a wata firamare ta kuɗi nan cikin Katsina. Da aka kawo sakamakon zangon nan sai na ga malamarsu ta rubuta wai yana da ƙoƙari amma "he is a bit spoilt". Ni dai a sanina abinci ko waya ake cewa sun yi "spoil", wato sun lalace. To yaro ɗan shekara 8 mi ya yi da za a kira shi lalatacce? Ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya zagi, Islamiyya ma ba ya fashi. Babansa ya ce in bari, ni kuwa so nake in same ta gaban hedimasta. Mi kuka gani?

Malamin Turanci daga Daura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sassauta, ba zagin ɗanki ta yi ba. In aka yi kalmar a kan nama ko madara, lalacewa ce. In a kan biki ko wani shiri ne, ɓata shi aka yi. Amma da zarar an jingina ta ga yaro, sangarta ake nufi: an saba masa da samun duk abin da ya nuna, ba ya jin "a'a" daga bakin kowa. Ki lura ma, yatsan mu manya ya fi nunawa, don ba yaro ke sangarta kansa ba. Ita kuwa maganar mota ta yi "spoil", Turancinmu ne na Najeriya, a Ingila "broke down" za ki ji. Asalin kalmar "spoil" daga Latin ne, tana nufin kwashe kayan wanda aka ci da yaƙi, shi ya sa har yau "spoils" ke nufin ganima. Amurkawa "spoiled" suke rubutawa, duk ɗaya ne.

Wani ɗan Ƙofar Marusa:
Haka ne Malam. Ko a aikin zaɓe akwai ta. "Spoilt ballot" ita ce ƙuri'ar da ta yage ko ta ɓaci kafin a jefa ta, sai a canza wa mutum wata. Daban take da wadda aka soke wajen ƙirga.

Anti daga Sabuwar Unguwa:
Ku bar Turancin nan haka. 'Yar uwa, tambaya ɗaya: akwai kaka a gidan?

Mai tambaya:
Anti kamar kin sani. Hajiyarmu na tare da mu, kuma sunan marigayi Alhaji aka sa masa. Ko hararar shi ba ta bari a yi. In na hana shi waya, ɗakinta zai ruga ya ɗauki tata.

Anti daga Sabuwar Unguwa:
To ai ga zancen. Ka so naka duniya ta ƙi shi. Malamar nan taimakonki ta yi, wata sai ta yi shiru ta bar ki da abinki. Ki je ke kaɗai bayan an tashi, ki gaishe ta, ki tambaye ta mi take gani a aji. Hala kuka yake in ba a ɗaga shi ya ba da amsa ba, ko ba ya yarda ya zo na biyu. Hajiya kuwa kada ki kuskura ki tunkare ta da kanki, sai a ce suruka ta yi rashin kunya. Ɗanta zai yi mata magana, cikin raha, ya nuna mata takardar. A gida ki fara da ƙanana: ya ɗauki jakarsa, ya kai kwanonsa wajen wanke-wanke, in kin ce a'a ta zauna a'a ko zai yi birgima a tsakar gida. Ba sai da bulala ba.

Wata malamar firamare:
Na yarda da Anti, amma ita ma abokiyar aikin tawa ta yi sake. Irin wannan magana baki da baki ake faɗa wa uwa, da Hausa, ba a takardar da kowa zai karanta ba. In kin je ki nuna mata hakan a hankali.

Wata amarya daga Daura:
Ni dai ranar da maigida ya ce zai yi "spoiling" ɗina da Sallah, ban kai ƙara wurin kowa ba, leshi biyu na samu.

Mai tambaya:
Allah ya shirye ki amarya. Na gode ƙwarai, Litinin zan je in sha Allah. Sauran aikin na Babansa ne, don shi ma gaban Hajiya bakinsa mutuwa yake.