Tambaya: me Benjamin List ya yi da har aka ba shi Nobel a kan furolin?

Ummu_Kemis:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu kemistiri a nan ku taimaka min. Ina aji huɗu, an ba mu semina kowa ya zaɓi masani ɗaya ya yi bayanin bincikensa, ni na ɗauki Benjamin List ɗin nan na Jamus wanda ya ci Nobel a 2021 shi da David MacMillan. To na karanta takardarsa ta 2000 da kowa ke ambato, abin da na gani kawai furolin ya zuba cikin asiton da aldihaid ya samu haɗin aldol, wato ya haɗe kabon na asiton da kabon na aldihaid suka zama molekul ɗaya, kuma furolin ai amino asid ne da ke jikin kowa, ana sayar da shi da araha, ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Sannan na ga tun 1971 wasu sun riga sun yi aiki da furolin ɗin. To ina sabon abin? So nake in tsaya gaban malamai in faɗi abin da na gamsu da shi, ba hadda ba. Na gode.

Malam_Oganik:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Tambayar nan taki ita ce seminar ma gaba ɗaya, kar ki ɓoye ta, ki fara da ita.

Gaskiya ne, a 1971 Hajos da Parrish a kamfanin Hoffmann-La Roche, da kuma Eder da Sauer da Wiechert a kamfanin Schering na Balin, sun yi amfani da furolin wajen rufe zobe cikin molekul ɗaya, suna neman hanyar haɗa sitiroyid. Aikin ya yi kyau sosai ma, amma kusan shekara 30 aka bar shi a matsayin wata dabara guda ta aiki guda, ba wanda ya mayar da shi hanya. A lokacin in ka ce katalis, wato abin da ke hanzarta haɗin sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, abu biyu ne ke zuwa ran masani, ko ƙarfe ko enzaim, shi ke nan.

Shi List ya yi digirinsa na uku a Furankfot a 1997 wajen Johann Mulzer, a kan haɗa wani yanki na bitamin B12, daga nan ya wuce Scripps a Kalifoniya wajen Richard Lerner da Carlos Barbas inda suke aikin mayar da antibodi su riƙa aiki kamar enzaim. Can ne ya zauna da aldoles, enzaim ɗin da ke yin haɗin aldol, ya lura cewa duk girmansa, ɗaruruwan amino asid, ƴan ƙalilan ne ke yin ainihin aikin, akwai wani amin, wato ɓangare mai naitirojin, da ke kama kiton (dangin su asiton) ya mayar da shi inamin, wato kiton da naitirojin ya manne masa ya sa shi saurin haɗuwa, sannan a yi haɗin. Sai ya ce to in haka ne me zai hana amino asid ɗaya tak ya yi? Furolin yana da naitirojin da zai yi inamin da asiton, yana kuma da ɓangaren asid da zai riƙe aldihaid ɗin ya daidaita shi ta yadda ta fuska ɗaya kawai za a fi kai masa hari. Wannan ne ya sa abin da ke fita yake rinjaya zuwa ɗaya daga cikin siffofinsa biyu, ta dama da ta hagu, maimakon rabi da rabi. Da naitirobenzaldihaid ya samu wajen 88 bisa 12, da aisobutiraldihaid kuwa 98 bisa 2.

Bambancin da na 1971 shi ne molekul biyu daban ya haɗa, ya kuma faɗi dalilin da ya sa abin ke yi, kuma da zarar an gane dalilin sai ƙofa ta buɗe, a shekarar ma ya yi wani haɗin daban da ake kira Mannich da furolin ɗin. A daidai lokacin MacMillan yana Berkeley bai san da aikin List ba, ya fitar da nasa katalis ɗin na imidazolidinon ya yi haɗin Diels-Alder, wanda ke gina zobe, ta hanyar iminiyam, ɗan'uwan inamin mai cajin fositib. Ni a ganina abin da aka karrama ke nan, sun nuna akwai hanya ta uku kuma kowa zai iya binta.

Hajiya_Famasi:

Ƴata bari in ƙara miki ta ɓangarenmu na magani, don in ba ki faɗi amfanin ba malamai za su ce to sai me. Molekul da yawa suna zuwa siffa biyu, ta dama da ta hagu, komai nasu ɗaya amma ba sa hawa kan juna, kamar ƙafa ne da takalmi, na dama ba ya shiga ƙafar hagu. Su kuma enzaim da sauran furotin na jikinmu siffa ɗaya suke da ita, shi ya sa jiki yake bambancewa. Ko hanci ma yana ji, wani sinadari mai suna carvone, siffa ɗaya ƙamshin na'ana'a take yi, ɗayar kuma ƙamshin wani ɗan yaji ne daban.

Kowa talidomaid yake kawowa misali, maganin da aka riƙa ba masu ciki a ƙarshen shekarun 1950 aka janye shi a 1961 bayan an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, Allah ya kiyaye. Ki kawo shi amma ki yi hattara, don shi talidomaid ko siffa ɗaya aka ba mutum yana juyewa zuwa ɗayar a cikin jiki, saboda haka tace shi ba zai hana abin da ya faru ba, ɗalibai da yawa nan ake kama su.

Abin da ya fi damun masu haɗa magani kullum shi ne in aka yi rabi da rabi to rabin kuɗi da kaya ya tafi a banza, in kuma aka yi da ƙarfe irin su faladiyam ko rodiyam sai an bi an cire ɓurɓushinsa don akwai iyakar da doka ta sa. Furolin ba shi da wannan matsalar. Kuma Hayashi na Japan a 2009 ya haɗa oseltamibir, maganin mura da ake sayarwa da sunan Tamiflu, da katalis ɗin da aka samo daga furolin.

Dan_Lab:

Malam ka yi bayani mai kyau, Allah ya saka, amma akwai abu biyu da nake so ta sa a ciki saboda adalci. Na farko takardar 2000 ɗin sunaye uku ne a kai, List da Lerner da Barbas, kuma Barbas ya ci gaba da aiki sosai a fannin har ya rasu a 2014, Nobel kuma ba a ba mamaci. Duk wanda zai ba da tarihin nan bai ambace shi ba to ya rage wani abu.

Na biyu wlh yana damuna yadda ake rubutawa kamar ƙarfe ya mutu. Bai mutu ba. Knowles da Noyori da Sharpless sun ci Nobel a 2001 a kan irin wannan aikin amma da ƙarfe, kuma hanyar Knowles ce Monsanto suka yi L-DOPA da ita na masu cutar Parkinson. Shi furolin a takardar farko kashi 30 cikin 100 na adadin aldihaid ɗin fa aka zuba, wannan a masana'anta da yawa ne ƙwarai, alhali katalis ɗin Noyori ɗan mitsitsi ake sawa ya yi aiki mai yawa. MacMillan da kansa daga 2008 ya koma haɗa katalis ɗinsa da haske da rutiniyam. Ni dai ina ganin fannin ƙari ne ba madadi ba.

Ummu_Kemis:

Kai na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Yaya Dan_Lab maganarka ta kashi 30 ta tsaya min, to shi List ɗin bayan 2000 bai gyara wannan ba ne? Ko a furolin ya tsaya? Kuma irin wannan aikin za a iya gwada shi a lab ɗinmu na jami'a don furojet?

Malam_Oganik:

Bai tsaya ba, kuma ni aikinsa na baya ma ya fi burge ni. Ya koma Jamus a 2003, cibiyar Max Planck ta binciken kwal da ke Mülheim, ya zama darakta a 2005, sai ya bar amin ya shiga asid masu ƙarfi. Akiyama da Terada na Japan sun riga sun nuna a 2004 cewa fosforik asid mai siffa ɗaya yana iya wannan aikin, shi kuma a 2006 ya fito da tunanin cewa ba sai katalis ya manne da molekul ba, ayon mai cajin negetib, mai siffa ɗaya, da ke tsaye kusa da molekul ɗin ma ya isa ya tilasta masa siffa. Daga nan suka gina asid ɗin da suke kira IDPi a 2016, mai ƙarfi sosai kuma wurin aikinsa a matse yake irin na enzaim, har a 2018 suka yi wani haɗin aldol da katalis ƙasa da kashi 1 cikin miliyan. To ki kwatanta da kashi 30, amsar Dan_Lab ke nan, ko da yake na yarda da shi ƙarfe na nan daram.

Batun furojet kuma e za a iya, furolin ba ya tsoron iska ko ɗan danshi, ba kya buƙatar akwatin da ake cire iska, filas ne da DMSO, ruwan da ake narkar da kayan a ciki, da asiton da aldihaid a zafin ɗaki. Inda za ki sha wuya shi ne aunawa, don sanin siffar dama nawa ta hagu nawa sai da HPLC, na'urar rarrabe sinadarai, mai kolom na musamman, in babu kuma folarimita, mai auna yadda sinadari ke juya haske, za ta ba ki kimantawa. Ki fara tambayar sufabaizanki ko akwai ɗaya daga ciki mai aiki a sashenku kafin ki rubuta furofozal.