Muhawara: Wanda aka haifa a wajen Amurka zai iya zama shugabanta?

Malam Auwal: Assalamu alaikum. Tsarin mulkin Amurka, a sashe na 2, ya gindaya wa mai neman shugabanci sharuɗɗa uku: ya kai shekara 35, ya zauna a ƙasar shekara 14, kuma ya kasance haifaffen ɗan ƙasa. A fahimtata haifaffe shi ne wanda aka yanke wa cibiya a cikin ƙasar. Ted Cruz a Calgary ta Kanada aka haife shi a 1970, saboda haka takarar da ya yi a 2016 ba ta halatta ba. Mai ja ya zo da hujja.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina ja. Ƙofa biyu ce ake shiga zama ɗan Amurka: ko ka zo duniya da shi, ko ka nema daga baya a rantsar da kai. Mai ƙofa ta biyu ba ya shugabanci, shi ya sa Arnold Schwarzenegger, haifaffen Ostiriya da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1983, bai wuce gwamnan Kalifoniya ba. Cruz kuwa mahaifiyarsa haifaffiyar jihar Delaware ce, ta cika shekarun zaman da doka ta nema, don haka ranar da ya faɗo ɗan Amurka ne, bai taɓa yin wata rantsuwa ba. Majalisa ta farko, wadda wasu marubuta tsarin mulkin ke zaune a cikinta, ta yi doka a 1790 tana cewa 'ya'yan 'yan ƙasa da aka haifa a ƙetare a ɗauke su haifaffu. Neal Katyal da Paul Clement, tsofaffin manyan lauyoyin gwamnati, ɗaya na zamanin Obama ɗaya na zamanin Bush, sun haɗu a kan wannan matsaya a 2015.

Dakta Kabiru: Barista, a yi wa Malam adalci, maganarsa tana da tushe. Dokar 1790 ɗin nan an sauya ta a 1795, kuma sabuwar ta cire wannan lafazi, ta ce 'yan ƙasa kawai. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkin, na 1868, mutum biyu ya ambata: wanda aka haifa a cikin Amurka da wanda aka ba shi zama ɗan ƙasa a cikinta. Yaron da aka haifa a ƙetare ba ya cikin biyun. Dokar majalisa ce ta ba shi, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Rogers da Bellei ta 1971 ta yarda majalisa tana iya ɗora masa sharaɗi. Abin da majalisa ke iya faɗaɗawa ko ƙuntatawa, ta yaya zai zama ma'aunin da tsarin mulki ya kafa? Har yau Kotun Ƙoli ba ta yanke wannan magana kai tsaye game da ɗan takarar shugabanci ba.

Malama Zainab: Abin da Dakta ya taɓo shi ne ya sa rigimar Obama, wato zargin cewa ba a Amurka aka haife shi ba, ta yi zafi, kuma mutane da yawa ba su lura da lissafin ba. Dokar da ke aiki a 1961 ta ce idan ɗaya daga cikin ma'aurata ne kaɗai ɗan Amurka, kuma aka haifi yaron a waje, sai wannan ɗayan ya zauna a Amurka shekara 10, biyar daga ciki bayan ya cika 14. Wato sai ya kai aƙalla 19. Mahaifiyar Obama, Ann Dunham, tana da 18 lokacin da ta haife shi ranar 4 ga Agusta 1961. Da a Kenya aka haife shi, da ba ta isa ta gadar masa da komai ba. To amma a Honolulu ta jihar Hawaii a Amurka aka haife shi. An fitar da gajeriyar takardar haihuwarsa a 2008, doguwar kuma ranar 27 ga Afrilu 2011. Jaridu biyu na Honolulu sun buga sanarwar haihuwar a cikin Agustan 1961, daga jerin da hukumar lafiya ta jihar ke aika musu. Jami'an jihar a ƙarƙashin gwamna 'yar Rifablikan sun tabbatar da rajistar. Donald Trump da ya fi kowa yayata zargin, shi ma ya amsa a Satumban 2016 cewa a Amurka aka haife shi. An sassauta dokar a 1986, ta koma shekara 5, biyu bayan cika 14, amma kowa da dokar ranar haihuwarsa ake auna shi.

Malam Auwal: Malama, ai kin ƙarfafa ni ne. Kin nuna wurin haihuwa shi ya kuɓutar da Obama.

Malama Zainab: Shi ya kuɓutar da shi don mahaifiyarsa ba ta kai shekarun ba. Ta Cruz ta kai. Yanayin biyu ba ɗaya ba ne, Malam.

Malam Nura: Ko wurin ma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Ɗan jakadan wata ƙasa da aka haifa a tsakiyar Washington ba ɗan Amurka ba ne, domin gyara na 14 ya ƙara sharaɗin kasancewa ƙarƙashin ikon shari'ar ƙasar. Wanda aka haifa a Samowa ta Amurka, wasu tsibirai da ke ƙarƙashin ikon Amurka, idan iyayensa ba cikakkun 'yan ƙasa ba ne, yana riƙe fasfo ɗin Amurka amma shi ma ba cikakken ɗan ƙasa ba ne. A ɗaya gefen, John McCain, wanda ya yi takarar shugabanci a 2008, a yankin mashigin Panama aka haife shi a 1936, mahaifinsa hafsan sojan ruwa. Dokar da ta fayyace matsayin 'ya'yan Amurkawa da aka haifa a can sai a 1937 ta zo. Majalisar Dattawa ta zartar da ƙuduri a Afrilun 2008 cewa ya cancanta, Obama yana cikin waɗanda suka mara masa baya, sai dai ƙuduri irin wannan ba ya ɗaure kotu. George Romney, haifaffen Meziko, ya nemi tikitin takarar shugabanci na 1968 ba wanda ya hana shi. Idan aka bi ma'aunin Malam Auwal, ɗan sojan da gwamnati ta tura aiki waje ya rasa damar shugabanci, wannan kuwa da wuya a ce marubutan sun nufa.

Barista Hadiza: A aikace ga inda ƙorafi ke mutuwa. Kotun tarayya tana fara tambayar mai ƙara wace cuta ce ta same shi shi kaɗai. Mai jefa ƙuri'a ba shi da amsa, sai a kori ƙarar tun ba a duba takarda ba, haka aka yi wa lauya Philip Berg a kan Obama a 2008. Hanyar da ke buɗe ita ce ta jihohi, domin kowace jiha ke buga takardar zaɓenta, kuma tana da gajeren wa'adi na ƙalubalantar suna. Ta nan aka bi a Pennsylvania a 2016, alƙali ya shiga gundarin maganar ya ce Cruz ya cancanta, kotun ƙolin jihar ta tabbatar. Hukuncin jiha ɗaya ne, na yarda, bai ɗaure sauran ba.

Dakta Kabiru: Kuma mu kula da inda ƙuntatawa ke kaiwa. Tsarin mulkin Kwaddibuwa na 2000 ya ce sai uba da uwa duka 'yan asalin ƙasa, da shi aka fitar da Alassane Ouattara daga zaɓen shekarar, yaƙin basasa ya ɓarke a 2002. A 2016 suka mayar da shi uba ko uwa. Zambiya ta yi irin wannan gyara a 1996 don tare Kenneth Kaunda, mutumin da ya mulke ta shekara 27. Najeriya ta rubuta nata ƙarara: sashe na 131 ya nemi ɗan ƙasa ta haihuwa, sashe na 25 ya lissafa har da wanda aka haifa a waje muddin uba ko uwa ɗan ƙasa ne. Matsalar Amurka ita ce ba ta yi irin wannan lissafi ba.

Malam Auwal: Na janye a kan McCain, iyayensa biyu Amurkawa ne kuma aikin ƙasa ya kai su. A kan Cruz ina nan. Ya riƙe zama ɗan Kanada har 2014 kafin ya ajiye, kuma hujjar Dakta ta 1971 ba a warware ta ba.

Barista Hadiza: Riƙe ƙasa biyu ba ya cikin sharuɗɗa ukun da ka karanto mana, Malam. Shari'ar 1971 kuma a kan rasa zama ɗan ƙasa take, ba a kan takara ba. Sharaɗin da aka ƙwace wa Bellei zama ɗan ƙasa da shi, na komawa Amurka a zauna kafin wasu shekaru, majalisa ta soke shi a 1978, Cruz yana ɗan shekara 7.