Ina ake koyon sulhunta ma'aurata?

Malamar Islamiyya, Ringim: Salamu alaikum 'yan zaure. Tun da na fara koyar da matan aure, ba a mako ba a kawo mini ƙarar miji ba. Jiya wata ta zauna a tabarmata har la'asar, goyo na kuka, uwa na kuka, ni kuwa ban da "ki yi haƙuri" ba abin da ya fito daga bakina. Ina ake koyon aikin nan?

Baban Sadiƙu: Wa alaikumus salam Malama. Tushen yana Suratun Nisa'i, aya ta 35: mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Ki nemi ofishin Hisbah mafi kusa su bar ki ki riƙa zama ranar da suke sulhu. Gani ya kori ji.

Anti Nas, Kafin Hausa: In takarda kike so, Jami'ar Bayero na koyar da fannin ba da shawara a tsangayar ilimi, sai dai ya fi karkata ga matsalolin ɗalibai. Abin da ya fi amfanata ba wuya: kafin miji ya mayar da martani, sai ya maimaita abin da matar ta faɗa har ta ce e, haka nake nufi. Ita ma haka. Wani masani a Amurka, John Gottman, ya yi shekaru yana ɗaukar gardamar ma'aurata a bidiyo, ya ware abubuwa 4 masu rusa aure: kushe, raini, kare kai da yin gum. Raini ya fi muni.

Maman Hafsa: Hhh, wannan ai kakata ta riga shi sani. Matsalar ita ce wane magidanci ne a ƙauye zai zauna gaban mace ya faɗi sirrinsa? Ki haɗa kai da liman, shi ya ji maza. Kuma ki shirya wa lokacin kaka, ana sayar da riɗi zancen amarya ke tashi.

Anti Nas: Amma Malama, in akwai duka, kar ki zaunar da su tare, ba za ta iya magana ba. Mai jegon da ta daina barci ta daina kula jariri kuma, asibiti za a kai ta, akwai na ƙwaƙwalwa a Kazaure.

Malamar Islamiyya: Allah ya saka. Yau bayan isha'i zan tura Malam wajen liman. Anti, ta jiyan nan wata biyu ke nan da haihuwa, zan kira ki.