Kwamitin unguwa da matasa masu shan tramadol

Sakataren kwamiti: Salamu alaikum. In iyaye suka kawo mana yaro mai shan tramadol, ta ina za mu fara?

Ma'aikaciyar jinya: Malam, kada a yanke masa shan lokaci guda. Cikin kwana ɗaya zai fara gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ya sa yawanci suke komawa. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato.

Mai unguwa: Banda mari da duka, ba sa magani. Dila kuwa, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi za ku sanar a asirce.

Mai kemis: Bayan sallama daga asibiti a fi sa ido. Jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha. In ya maimaita shi, farfaɗiya ko ɗaukewar numfashi na iya biyo baya.