Deer Barewa Ce? A Zo Mu Raɗa Mata Suna

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman gudummawar masu Hausa a baki. Dabbar nan da Turawa ke kira deer, mene ne sunanta a Hausa? Kusan kowa "barewa" yake cewa, har masu fassara labarai. Ni dai hankalina bai kwanta da haka ba.

2/ Duk wanda ya zauna a unguwannin bayan gari na Amurka, irin na jihohin Pensilbaniya da Mishigan, ya san ta. Ba sai ka shiga daji ba, ita ke zuwa har bayan gida, da sanyin asuba ko dab da magariba, ta cinye furannin da aka shuka. Wajen 1900 farauta ta kusa ƙarar da ita a ƙasar, amma yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 30. Ta taga nake ɗaukar hotonsu, don da ka taɓa ƙofa an gama. Uwar za ta kafe kunnuwa, ta buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi huci ta hanci, sannan ta ɗaga wutsiya, farin ƙarƙashin wutsiyar ya bayyana, ta zura cikin itatuwa. Hoto kan samu. Abin da zan rubuta a ƙarƙashinsa ne ke gagara.

3/ Ga inda gizo ke saƙa: ƙaho. Na barewa irin na akuya ne, ƙashi a ciki, kube a waje, ba ya yin reshe, kuma da shi za ta mutu. Na deer kuwa ƙashi ne zalla, mai rassa, kuma duk shekara sai ya zube wani ya tsiro. Wanda ya bi namiji ɗaya da kyamara zai ga abin da idonsa. Wajen Afrilu zuwa Mayu ƙahon ke fara toho. A Yuli yana lulluɓe da fata mai laushi kamar karammiski, jijiyoyin jini na ciyar da shi. A Satumba fatar ta bushe, sai ya riƙa goga ƙahon a jikin ƙananan itatuwa har ya saɓule musu ɓawo. Nuwamba lokacin barbara ne da karo tsakanin maza. Daga Janairu zuwa Maris ƙahon ya faɗi, kurege da ɓeraye su gaigaye shi a ƙasa. Wace barewa ce ke yin haka?

4/ Masana ma sun raba su. Barewa dangin shanu da tumaki da awaki ce, deer kuwa danginta daban. Kuma asali babu ita a dazukan Afirka kudu da Sahara. Iri ɗaya tak na asali ke nahiyar, can duwatsun Aljeriya da Tunisiya da Maroko. Shi ya sa kakanninmu ba su bar mana sunanta ba, alhali sun bambanta gada da mariya, gwanki da kanki, mazo da kwanta-rafi. Mutanen da suka yi wannan tsantseni ba za su haɗa dabba biyu a suna ɗaya ba.

5/ Shawarwari sun fara shigowa, na gode. Wani ƙanena ya ce a ari kalmar kawai, a ce "diya". Ƙanena, aro ba laifi ba ne, amma wannan zai yi karo da ɗiya da kuma diyya, ga shi da yawa ba sa sa wa ɗ ƙugiya a waya. Ka rubuta "na ga diya a bayan gida" ka ga tambayoyin da za su biyo baya.

Wasu sun ce "barewar Turai", a bisa salon dankalin Turawa. Ya fi daɗin faɗi, sai dai dabbar ba ta Turai kaɗai ba ce. Tana Amurka, tana Indiya, a birnin Nara na Japan ma cikin mutane take yawo.

6/ Wani dattijo ya rubuto abin da ya fi kama mini hankali. Ya ce Bahaushe bai taɓa jin nauyin ɗaukar sunan dabbar da ya sani ya ƙara mata bayani ba: raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, jakin dawa ba jakin gida ba ne, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa. Don haka a bar "barewa" a gaba, a ƙara abin da ya bambanta ta. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ita ce hanya. Ni kuwa abin da zan ƙara shi ne rassa: barewa mai rassa, jam'i bareyi masu rassa. Ta Amurka da nake ɗauka a hoto sai a ce mai farar wutsiya.

7/ Wata yayata ta yi gyara: ai macen ba ta da ƙaho, ina rassan? Gaskiya ne, Yaya, in ban da irin da ke ƙasashen ƙanƙara na can arewa, wadda mace ma ke fitar da shi. Amma sunan na dangin ne gaba ɗaya, an ɗauko shi daga abin da ido ya fi ganewa. Wani kuma ya kawo "zubda-ƙaho", a kan ginin kwanta-rafi. Ya burge ni ƙwarai, kuma ya dace da littafin kimiyya, sai dai wanda bai san dabbar ba ba zai hango siffarta daga sunan ba.

8/ Abin da ya sa na nace: barewarmu ta gaskiya tana ƙarewa. Wasu ire-irenta sai a wurare irin gandun Termit na Nijar, wanda aka keɓe a 2012. Yaron da aka nuna wa hoton dabba mai rassa a kai aka ce masa ga barewa, to in ya ji "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", dabbar wata nahiya zai gani a zuci, ba ta ƙasarsa ba.

Daga yau "barewa mai rassa" zan riƙa rubutawa a ƙarƙashin hotunana. Mafarauta da malaman Hausa, in da wanda ya taɓa jin tsohon suna da ya fi wannan, don Allah ya kawo, a duba.